Ba a Yi wa Yaya Ta'aziyya Ba

Ajinmu yana bayan tasha, saboda haka duk ranar kasuwa, idan kamiyo, babbar motar nan ta Damagaram, ya shigo Gure, tagoginmu sukan ɗauki rawa. Yaran da nake koyarwa kurame ne dukansu. Ba sa jin rurin injin, amma suna jin sa a benci da tafin ƙafa, sai ka ga sun ɗago kai gaba ɗaya suna zungurin juna suna dariya. Nakan bar su su yi dariyarsu. Ni dai da warin man gazuwal ya biyo iska ya shigo, sai alli ya yi mini nauyi a hannu, in ga kaina ina 'yar yarinya a bakin tashar nan, da ɗaurin tabarmi a ka, ina bin bayan yayata.

Yayata kurma ce. Ba haka aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya shigo gari wata bazara tana koyon tafiya, ya ɗebi yaran da ya ɗeba, ita ya bar ta da rai ya tafi da kunnuwan. Da na zo duniya har ta isa goyo, kuma ita ta goye ni. Inna takan ce ban taɓa daɗewa ina kuka a bayanta ba, domin tun kafin muryata ta fito take jin ƙirjina yana kumbura a gadon bayanta, ta soma jijjiga ni. Masu kunnen gidan sai na shiɗe suke ji.

Gidanmu babba ne, na gado. Baffa, yayan Baba, shi ne mai gida, kuma idan ya yanke magana ta yanku. Baba mutum ne mai sanyi, ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya dubi yayansa ba. A can ƙuryar gida kuma akwai ɗakin Kaka, mahaifiyarsu, tsohuwar Bamanga mai faɗa da Barbarci da shafa kai da Hausa. A ɗakinta Yaya take kwana tun daga ciwon nan.

Kowa a gidan ya iya yi wa Yaya magana da hannu, in dai za a kira abin da muke yi magana. Zo, tafi, ci, ɗebo ruwa, bari. Iyakarmu ke nan, kuma ko jaki ana yi masa wannan. Kaka ce kaɗai take hira da ita. Su biyu suka ƙera harshensu, ba wanda ya koya musu. Kowa yana da sunansa a hannu: Baba shafa gemu ne, Baffa kuwa sai a kumbura kumatu a zagaya tumbi, abin da bai taɓa sani ba har ya koma ga Allah. Ni sunana share hanci, kuma ba zan ce an zalunce ni ba. Da wannan harshen Kaka ta koya mata alwala da salla, ta nuna mata jinjirin wata ta fahimtar da ita azumi. Da hantsi sukan sauka kwari, inda dabino da goriba suke, su yanko kaba, su zauna a inuwa suna saƙa. Sai ka ga sun ajiye saƙar, hannuwa suna ta kai da kawo, fuska tana motsi, can Kaka ta kifa da dariya har da hawaye. In na ce a faɗa mini, sai ta ce in je in share hancina. Gulmar unguwa kaf tana wucewa ta hannuwan nan, a gaban masu ita, ba su sani ba.

Ba wanda ya damu ya koya. Me zai sa? Ai Kaka tana nan. In Yaya ba ta da lafiya, a kira Kaka ta tambaye ta inda ke ciwo. In ta yi fushi, a kira Kaka. Gida mai mutum sama da ashirin ya ɗora maganar mutum guda a hannun tsohuwa ɗaya, kamar an yi mana alkawarin ba za ta mutu ba.

Duk shekara bayan girbi Kaka takan tafi Damagaram wajen Gwaggo, 'yarta da ke aure can, da buhun dabino da ƙullin kanwa. Takan yi wata guda ko fiye. A lokacin Yaya takan rame. Tana da wurin zamanta a bakin tasha inda take sayar da tabarmi da faifai ranar kasuwa, kuma da kamiyo ya tsaya sai ta miƙe tsaye, ta sa hannu ta kare rana, tana bin masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Kaka ta sauko, da alkaki a ƙullin zanenta, duk tashar sai ta san an dawo. Yaya tana da wata murya da ita ba ta san tana da ita ba, mai kauri, ba ta da kan gado, kuma ranar nan takan sake ta gaba ɗaya.

Shekarar da abin ya faru ina ajin farko-farko a lakwal, wato makarantar boko, Yaya kuwa ta zama budurwa. An yi damina mai kyau, gero ya yi kai har yana sunkuyawa. Matar kawuna ta haihu a Gidigir ana tsakiyar girbi, ba mai kama mata aiki, sai aka tura Yaya. Kaka ce ta raka ta tasha da kanta, ta yi mata nuni cewa ta yi haƙuri, kafin wata ya mutu za ta dawo.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kwantar da Kaka. An kai ta likita, aka yi allura, aka dawo da ita. Wata safiya Inna ta shiga da kunu ta fito babu kofin a hannunta. Kafin azahar an kai Kaka makwancinta.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Baba ya ce a aika Gidigir a taho da yarinyar. Ina tsugune bayan randa, na ji da kunnena. Baffa ya ce, "Ka manta ranar rijiya?"

Ba wanda ya manta. Wata rana jiri ya ɗebi Kaka a bakin rijiya ta faɗi sumammiya, Yaya ta yi wani ihu da ya tara unguwa, ta ciji hannunta har jini, sai da maza biyu suka riƙe ta.

"Suma kawai ke nan," in ji Baffa. "In ta san wannan, hankalinta zai tafi, mu rasa biyu. A bar ta can sai an yi arba'in. In ta dawo a ce mata tsohuwa ta tafi Damagaram. Irinsu ba sa riƙe abu, za ta manta."

Baba ya ce wa yayansa, "To." Shi ke nan.

Ba na cewa Baffa mugu ne. Tsoro ya ji, kuma ya ɗauka tausayi ne. Amma har yau in na tuna "irinsu ba sa riƙe abu", raina yakan ɓaci, domin duk gidan nan ba wanda ya kai ta riƙewa.

Ka san yadda zaman makoki yake a wajenmu. Aka shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har ƙuryar gida, yawancinsu ma saƙar Yaya ce. Mata suna shigowa ayari-ayari, daga unguwanni, daga Kelle, har da Fulanin Alakos masu kawo wa Kaka nono. Kowace ta durƙusa gaban Inna da matan Baffa da Gwaggo, ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Sannan a zauna, a soma ba da labarinta. Wannan ta ce ita ta yanke wa 'ya'yanta cibiya. Waccan ta ce shekarar yunwa ta aiko mata da gero a ɓoye cikin tulu. Wata tsohuwa ta ba da labarin yadda Kaka tana amarya ta kori raƙumin wani da muciya, aka yi dariya ana share hawaye. Aka yi gumba ranar uku, aka yi waina ranar bakwai. Har ni, 'yar mitsitsiya, an dafa kaina an ce in yi haƙuri. Kowa ya samu rabonsa na gaisuwa, har wanda Kaka ba ta shiri da shi. Wadda ta fi kowa rashi tana Gidigir tana wankin tsumman jariri.

Ta dawo bayan arba'in da damin sabon gero da ta roro da hannunta. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta wuce ƙuryar gida da gudu. An share ɗakin, an raba kaya, sai gadon kara da tabarma. Ta fito ta tsaya tsakar gida, ta yi alamar Kaka, wato lanƙwasa yatsa kamar sanda, ta buɗe tafin hannu: ina take? Matan gida kowace ta sami abin yi. Inna ce ta daure ta riƙe sitiyari a iska, ta nuna yamma, wajen Damagaram. Yaya ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta tambaya yaushe za ta dawo. Inna ta kaɗa hannu can gaba, ta shige madafa, na ji tana fyace hanci.

Ranar kasuwa ta zagayo, Yaya ta ɗauki tabarminta, ni ma aka ɗora mini nawa. Kamiyo ya tsaya, ta miƙe ta kare rana da hannu. Aka gama saukowa, ta zauna. Haka mako na gaba, haka na bayansa. Sanyi ya wuce, bazara ta zo, rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, damina ta sake zagayowa. Ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Mutanen tasha duk sun sani. Mai shayi ya sani, masu dako sun sani, direban kansa ya je gaisuwa gidanmu. Wani in ya ga ta miƙe sai ya kau da kai, wani kuma don kirki sai ya yi mata alamar ba yau ba, sai wani mako. Gari guda ya haɗa baki a kan mace ɗaya, kuma kowa yana ganin alheri yake yi.

Gidan ya yi mata shiru. Ana ce mata zo, tafi, ɗebo ruwa, tana yi. Dariyar nan ta kwari ban sake ganinta ba. Wani lokaci nakan hango ta tana saƙa ita kaɗai, ta ajiye kabar, hannuwanta su yi 'yan motsi a cinyarta, sannan ta ci gaba.

Na taɓa jan zanenta wata rana da niyyar in faɗa mata. Inna ta gan ni daga bakin murhu, ta kira ni, ta ce a hankali, "In ta haukace, ke za ki riƙe ta?" Ko da ma ba ta hana ni ba, da me zan faɗa? Alamar mutuwa ɗaya na sani, wadda muke yi in akuya ta mutu: a karya wuya a zaro harshe. Ba zan iya yi wa Kaka wannan ba. Kuma in na yi, sai me? Ba ni da hannun da zan ce ba ta sha wuya ba, ko in ce Allah ya jiƙanta, ko in ce tsoro ne ya sa aka ɓoye miki. Zan jefa mata dutsen ne kawai in tsaya ina kallo. Tun daga lokacin na sa a raina cewa sai na iya magana da yayata, magana ta gaske mai tsawo, irin wadda ake yi a inuwar dabino.

Hanyar ta yi nisa. Na gama kolej, na shiga makarantar horon malamai a Damagaram, aka tura ni wani ƙauye wajen Kelle. A ajina na farko akwai wata yarinya kurma da uwarta take turowa don kada ta zauna gida ita kaɗai. Duk abin da na rubuta a allo sai ta kwafe shi a ardwaz, ɗan allonta na hannu, tsaf, ya fi na kowa kyau, amma ba ta san ko harafi ɗaya me yake nufi ba. Zane take yi. Mushe, malamin da ke aji na kusa, ya ce in bar ta, ai ba ta damun kowa. Wannan kalmar ta "ba ta damun kowa" ita ce kabarin yaran nan. Da aka nemi malaman da za a tura Yamai su koyi koyar da kurame, na miƙa sunana tun kafin a gama karanta sanarwar.

Baffa ya tsufa a lokacin, amma bakin yana nan. Da na je sallama ya ce, "Malamar bebaye? To me za ki koya musu, 'yata, shirun?" Na ce ya sa mini albarka kawai. Ya sa, har ya ba ni goro.

A Yamai na san cewa ban iya komai ba. Malamarmu kurma ce, gajeriya, mai ido kamar na shaho, kuma ta hana a yi amfani da murya a ajinta. Yatsuna suka yi tsami kamar na wuni ina surfe. Ta ce fuskata a mace take, wai mu masu kunne muna magana da fuska kamar bango, dole in koyi ɗaga gira da tsuke baki, abin da Inna ta yi shekaru tana hana ni. Wata rana ta sa muka toshe kunnuwa da auduga ta aike mu kasuwa sayen kayan miya. Na dawo da tattasai maimakon tumatir, da haushin mutanen da suke dariya suna magana a kaina kamar ba na wurin. Ta ce to, wuni ɗaya ke nan.

Ita ta koya mana ƙa'idar da har yau nake aiki da ita. In an kawo maka yaro, kada ka soma da alamun makaranta. Ka je gidansu, ka nemo wanda yake hira da shi, ko kaka ce ko ƙanwa, ka zauna ka koyi nasu alamun tukuna, sannan ka ɗora naka a kai. Ta kuma ware mako guda a kan yadda ake faɗa wa kurma labari mai nauyi: da rana, haske a fuskarka, kuna zaune daidai da juna, hannunka ba ya riƙe da komai, ka faɗi abin kai tsaye, sannan kada ka tashi. Ta ce a gidajenmu kurma shi ne na ƙarshe da yake sanin an yi haihuwa, an yi saki, an yi mutuwa, in ma ya sani. Ta dube mu ta tambaya ko ƙarya take yi. Na fita bayan aji na yi kuka har na gode Allah.

Kafin in gama, Baffa ya rasu, Baba ya bi shi ba da daɗewa ba. Duka biyun Yaya tana gida, ta gani da idonta. Ba ta haukace ba. Ta yi kukanta, ta daka gumba, ta ɗebo ruwan baƙi. Masu gaisuwa suna zuwa kanta sai su tsallake, don ba su san me za su yi da hannuwansu ba. Na ce wa Inna ga shi an gani, sai a faɗa mata na Kaka. Inna ta ce, "Yanzu kuma da wane ido? Shekara nawa ina nuna mata yamma?" Ƙaryar ta tsufa a gidan har ta zama kamar ɗaya daga cikin dangi, ba mai iya korarta.

Da na dawo Gure da takardar shaidata, damina guda na yi ina bin Yaya kwari. Furfura ta soma fito mata. Na ce ta koya mini alamun Kaka, in koya mata na Yamai. Da farko ta ɗauka wasa nake yi. Alamun makaranta ba su burge ta ba, ta ce mutanen Yamai suna magana kamar masu korar ƙuda. Amma ta kama su da sauri, ta fi ni saurin kama nata. A hankali hirar ta yi tsawo. A nan na san cewa yayata mai ban dariya ce, mai tsokana, kuma ba abin da ya faru a gidanmu da ya wuce ta. Ta san wadda take satar man shanu. Ta san ranar da Baba ya yi kuka a bayan rumbu. Shekara da shekaru ina kwana gida ɗaya da wannan matar, ban san ta ba. Sunan Kaka kaɗai ne ba ta taɓa ɗagawa ba, ni ma ban ɗaga ba, kuma ranar kasuwa tana nan tana miƙewa.

Na zaɓi wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi sanyi, kwari yana ƙamshin danshi. Na karɓi kabar daga hannunta na ajiye, na juya yadda rana za ta haska fuskata. Na lanƙwasa yatsa kamar sanda. Na ce Kaka ba ta je Damagaram ba. Ta rasu, tun kina Gidigir. Zazzaɓi ne, kwana kaɗan, ba ta sha wuya ba. An ji tsoro ne aka ɓoye miki. Allah ya jiƙanta. Ya haƙuri, Yaya.

Na shirya wa ihu. Ba ta yi ba. Ta dube ni kamar yadda ta dubi Inna ranar nan, sannan ta ɗaga hannu a hankali.

"Hanyar Damagaram ta Gidigir take bi," ta ce. "Kaka za ta wuce ta ƙofar gidan da nake, ba ta sauka ba?"

Na ce to tun ranar ta sani? Ta ce tun ranar. Na ce to tashar fa, me take nema duk shekarun nan?

"In na yi kuka ba a faɗa mini ba, za ku ce na haukace. Sai nake tashi tsaye inda kowa zai gan ni. Na ce wata rana wani zai ji kunya ya zo ya zauna, ya faɗa mini." Sannan ta ƙara da cewa, "Wani lokaci kuma nakan duba da gaske. Tunda ba wanda ya faɗa."

Sai a lokacin kukan ya zo, da muryar nan tata mai kauri, har tsuntsaye suka tashi daga kan dabino. Ban tashi ba. Na riƙe ta har rana ta take.

Da muka koma gida ta yi wanka, ta ɗaura baƙin zane, ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa a ƙofar tsohon ɗakin Kaka, wanda ya zama wurin ajiyar gero, ta zauna ta miƙe ƙafa. Matan gida suka tsaya cirko-cirko. Wata matar ɗan Baffa ta ce mini, "Makokin wa kuma ake yi?" Na ce na Kaka.

Inna ta daɗe a ɗakinta. Da la'asar ta fito tana dafa bango, ta zo ta durƙusa gaban 'yarta, abin da uwa ba ta yi. Ta ɗaga hannuwa, ta rasa yadda za ta yi da su, ta juyo ta ce mini, "Nuna mini." Na kama yatsunta, duk sun ƙage da tsufa, na bi da su: Allah ya jiƙanta, ya haƙuri. Ta yi shi a karkace. Yaya ta amsa mata yadda ake amsawa, ta matsa mata wuri a tabarmar.

Kwana uku ta zauna. Na zaga unguwa na faɗa, wasu suka zo, wasu suka ce abin ya yi kama da wasa. Na zauna gefenta ina mayar mata da duk abin da aka ce. Amma abin da ta fi so shi ne labarin Kaka, kuma masu labarin sun ƙare. Mai tulun gero ta rasu, tsohuwar da ta ga korar raƙumi ta rasu. Sai ɗan abin da na tsinta ina yarinya na ba ta, ta sa na maimaita har na gaji. Ta tambayi kabarin, wani ƙanenmu ya je ya duba, ya dawo ya ce rairayi ya shafe wajen, kuma waɗanda suka san daidai inda yake su ma suna ciki. Wannan rashin ba ni da yadda zan mayar mata da shi, kuma yana ci mini rai har gobe.

Yanzu abubuwa sun sake. Akwai aji, ga ni a cikinsa, iyaye suna kawo yara daga Gidigir da Kelle su ajiye su wajen dangi don su yi karatu. Manyan ɗalibaina suna kiran juna a waya suna hira da hannu ta cikin gilashi. Yaya takan zo ta koya wa 'yan mata saƙa, ta kuma gyara mini hannu a gabansu ba kunya. Amma gidaje ba su sake sosai ba. Har yanzu uba yakan ja ni gefe ya ce, "Madam, kada dai a faɗa masa, ba zai gane ba." Shi ya sa duk wanda ya kawo yaro nakan ce masa abu ɗaya nake roƙo: in wani abu ya faru a gida, mai daɗi ko marar daɗi, a aiko mini kafin a aika wa kowa. Wasu suna yi, da yawa ba sa yi.

Kwanan baya aka aiko. Mahaifin wata 'yar ajina ne, mai gyaran babur, ya faɗi ya rasu a wurin aikinsa da safe bayan ta taho lakwal. Kawunta ya tsaya bakin taga yana murza hula, yana cewa ko a bari sai an kai shi, yarinya ce. Na ce ya jira ni. Na fito da ita inuwar bedi, na tsuguna daidai tsawonta, na faɗa mata. Ta tsaya kamar an dasa ta. Hawaye suna zuba, amma hannunta ya tashi, ta tambaye ni abin da kusan dukansu suke fara tambaya: yaushe? Kowa ya riga ya sani?

Na ce mata yau ne, ɗazun nan. Ko wanka ba a gama yi masa ba. Ɗauko takalminki mu je ki gan shi.